Masuncin da Kaka ba ta yarda a zaga ba

A unguwarmu Sa'alaba, can ƙasa mai tsarki, ba mu da tsakar gida, rufin bene muke da shi. Bayan sallar isha Kaka takan hau can da kaskon gawayinta ta soya gyaɗar da za ta sayar gobe, mu jikoki mu zagaye ta muna satar mai zafi. Tun tana matashiya ta zo aikin hajji ta zauna, har ta tsufa ba ta taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba. Mu kuwa muna da ita, a ƙarƙashin kafilin Baba, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa.

Cikin labaranta akwai wanda ta ji a bakin wata Bahabashiya da suke talla tare. Kullum sai ta fara da cewa, "Wannan na littafin Kiristoci ne, ba namu ba, amma ku saurara."

Wai cikin Hawariyawan Annabi Isa akwai wani masunci mai saurin baki, wanda ya rantse ko mutuwa ce zai bi malaminsa. Da aka kama malamin, sai ya bi daga nesa, ya raɓa cikin masu jin ɗumin wuta. Wata baiwa ta ce ai tare ta gan su, ya ce bai san mutumin ba. Aka ce harshensa ma ya tona shi, irin na mutanen garinsu ne, ya sake rantsewa. Zakara na yin cara, masuncin ya tuna rantsuwarsa ta farko, ya fita yana kuka.

Yayana Usama ya ce, "Wallahi jaban ne, matsoraci!"

Kaka ta ɗaga masa ludayi. "Kul! Kai ka taɓa tsayawa gaban askar, ɗan sandan ƙasar nan, bakinka ya bushe? Halas, ya isa, ci gyaɗarka."

Ina da shekara goma sha tara, wata azahar na kai mata abinci bakin titin da take zama. Na tarar da motar jawazat, jami'an shige da fice, ana tura mata masu talla ciki, tiren Kaka a kife. Na saki kwanon na ruga ina kiran "Kaka!" Askar ya tare ni ya tambaye ta ko tare muke. Mun sani, mai ɓoye wanda ba shi da takarda shi ma yana iya rasa tasa, har ta gidansu duka.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ma a'rifha," ta ce da karyayyen Larabcinta. Ban san ta ba. Sannan ta daka min tsawa da Hausa, da murya irin ta zagi, don askar ya ɗauka korata take yi: "Wuce gida, 'yar nan, na bar wake a kan wuta!"

Daga tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka sa ta a jirgi zuwa Najeriya, inda duk sa'o'inta sun riga mu gidan gaskiya. Ba ta daɗe ba ita ma ta bi su.

Na daɗe ina jin haushin masuncin nan kamar Usama. Yanzu ba na iyawa. Shi tsoro ne ya sa shi faɗa, ita ƙauna ce, amma na san nauyin kalmar ɗaya ne a baki. Matar da ta yanke min cibiya, abin da ta faɗa a kaina na ƙarshe, ido cikin ido, shi ne ba ta san ni ba.