Ranar da Muka Guje wa Hayaƙinmu

Yayana ya sayo talotalo, ya rantse ɗungurungum za a yi bandarsa. A waya ya gani, wai wuta kaɗan-kaɗan ake so, daga hantsi har la'asar. Ya kafa duro a gonarmu ta bakin daji, ya cusa ɗanyen itace.

A Birnin Gwari kuwa, hayaƙi daga daji ba ya nufin girki. Maƙwabta suka hango, suka kwashi yara suka zura. Da muka ga ana gudu, mu ma muka bi, yayan nawa ko takalmi babu.

Da la'asar muka lallaɓo muka tarar naman ya yi luguf. A gidanmu ba a taɓa barin nama ya nuna ba sai ranar, da masu ɗanɗane suka tsere.