Fangalin Gida

Mai Latas ake ce masa, ko da yake har kabeji da alayyafo yana shukawa. Lambunsa na bayan gidajen ma'aikata, a bakin babbar kwatar da ke kwaso ruwan wanka da na wanki da abin da ba a faɗa. Tun yana da ƙarfin ɗaga bokiti biyu yake ban ruwa daga nan. Ruwan baƙi ne, amma ganye na sonsa, ko taki ba ya nema. Warin kuwa ya daɗe da daina jinsa.

Kamar sauran masu lambu a wurin, yana da fangali ɗaya can kusurwa wanda ba ya shan ruwan kwata. Na gida ke nan. Matarsa ce ke kawo masa ruwan famfo a jarka, har ta rasu, shi ya ci gaba. Ganyen wurin ƙanana ne, ba su da kyan gani. Ba a taɓa zama an yi maganar ba, kowa dai ya sani.

Surukarsa, matar ɗansa, ce ba ta sani ba, don ba ta daɗe da dawowa gidan da 'yarta ba. Ranar da ƙafa ta hana shi fita, ta je lambun da kanta. Ta wuce na kusurwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsinko manyan nan masu sheƙi, wai Baba ya ci mai kyau ko sau ɗaya. Ta ɗauraye sama-sama, ta yanka ɗanye. Shi bai ci ba, ba ya jin cin komai. Jikarsa ce ta cinye rabonsa, tana tsokanarsa wai tsoho ba haƙori.

Washegari amai da gudawa suka kama yarinyar. A asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ya zauna kan benci yana kallon ɗigon. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ta ci, uwar ta faɗa. Sai a nan ya yi wa surukar tasa bayanin fangalin kusurwa, a hankali, kamar mai kwatancen hanya.

Ta ce, "To Baba, sauran fa, wa ke ci?"

Ya ce, "Mutane."

Yarinyar ta tashi, sai dai ta rame, idanu sun faɗa. Uwar ta ce za ta kai ta wajen nata iyayen ta murmure. Bai hana ba, shi ya riƙa musu jaka har bakin titi. Ba ta faɗi ranar dawowa ba, shi ma bai tambaya ba.

Daga nan ya gangara lambu, don latas ba ya jure yini babu ruwa. Wata mai sari tana jiransa da goyo a bayanta. Ya cika mata kwando, ya ce ta gaya wa masu saye su wanke da gishiri sosai.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, yau kuma likita ka zama?"

Ya taya ta ɗora kwandon a kai.