Rijiyar da Kaka Ige Ba Ta Sha

A gidanmu, can wani ƙauye a ƙasar Kebbe, ba a kashe murhu da ruwa. Kaka Ige, mahaifiyar babanmu, ita ta kafa dokar: in an sauke tuwo, a turbuɗe wuta da toka. Ranar da na watsa ruwa a kan duwatsun murhu don in ji ƙarar nan, da muciya ta raka ni har zaure. Kuma ba ta shan ruwan rijiyar garinmu, sai na fadama, duk nisansa. Mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Bayan magariba mukan kewaye ta a bakin wuta. Takan dube ni ta ce, "Matso nan, mijin banza, ko sabulu ba ka saye." Sannan ta ce ga ta nan ta taho, mu ce ta zo mu ji ta.

Akwai tatsuniya guda da ba Gizo a cikinta. Wani mahaƙin rijiya ne ya haƙa zurfin gaba bakwai, sai ya tarar da dutse. Dabarar mahaƙa ita ce a hura wa dutsen wuta wuni guda, sannan a sheƙa masa ruwan sanyi, ya tsage. Ya ce wa matarsa, "Ɗebo na fadama. Da kin iso ki zuba, kada shi huce."

Ta iso ba ta ga kowa ba. Ashe ya gaji da jira, ya rufe hanci da jiƙaƙƙen tsumma, ya sauka share garwashi. Ta juye tulu cikin ramin.

"Dutse yay yi ƙara," in ji Kaka. "Tururi yat taso hwari tas, kamar mutum tsaye. Ruwa yah hito, gari yas sha."

Muka ce, "Shi fa mutumin?"

"Ku tai ku kwanta."

Wannan tatsuniyar ba ta taɓa rufe ta da kan ƙusu ba. Ni kuwa tsoro take ba ni, har na daina leƙa rijiya.

Da na shiga makaranta a Tambuwal, malami ya ce zafi yana buɗa abu, sanyi yana tsuke shi, in suka haɗu farat ɗaya sai dutse ya fashe. Na zo hutu na kawo mata ilimina ina taƙama. Sai ta ce, "Na san wanga tun ina da cikin ubanka."

Ban gane ba, Allah Ya gani, sai ranar da ta rasu. Na ɗauki guga zan ɗebo ruwan da za a yi mata wanka, Baba ya riƙe mini hannu.

"Ba na wagga rijiya ba," ya ce. "Nan ubana ya cika. Tai fadama."