Garin Dakta a Kasuwar Rogo

Ni ɗan kasuwa ne tun kafin in zama malami. A gindin buhunan gyaɗar mahaifina na tashi a Karaye, shi ya sa da aka ce in koya wa masu binciken kimiyya yadda za su fitar da aikinsu kasuwa ban yi gardama ba. Na same su da ilimi kamar me, amma ka ba ɗayansu faifan goro, sai ya wuni bai sayar da ƙwaya ɗaya ba.

A cikinsu akwai wata Dakta 'yar Kwanyawa, mace marar son surutu. Ta yi shekaru tana haɗa wani gari daga ganyen darbejiya, wanda ake barbaɗa wa wake don kada ƙwari su cinye shi a ajiya. Garin yana aiki. Sai dai an riga an gaya mata, idan kakar nan ta wuce manoma ba su karɓa ba, za a rufe aikin a ba wani mai bincike ɗakin gwajinta.

Na ce mata zaman aji ba zai fisshe mu ba, mu tafi kasuwar Rogo. Muka raɓe a rumfar wani mai hatsi, ta zauna da bokitin gari da ɗan gwangwanin awo. Wata tsohuwa daga Gwangwan ta tsaya, aka gaisa, aka tambayi gida da amfanin gona, ta ce a ba ta na buhu ɗaya. Dakta ta ɗebo, ta zaro rula daga jaka, ta share bakin gwangwanin tas.

Tsohuwar ta dubi gwangwanin, ta dube ta. "'Yar nan, a garinku haka ake awo? Ba tozo, ba gyara?"

"Iya, iyakar abin da buhu yake buƙata ke nan. Ƙari ɓarna ne."

"To, Allah ya kawo kasuwa." Ta gyara mayafi ta wuce. Kafin azahar labari ya zaga layin 'yan hatsi cewa mai maganin wake marowaciya ce.

A mota na yi mata faɗa sosai. Na ce a nan wanda ya share bakin mudu ya zagi mai saye. Ta ce ita kuma ba za ta koya wa mutane awon banza don a so ta ba.

Bayan mako biyu sai ga ta da wasu gwangwanaye. Ta sa maƙeri ya rage musu tsawo, yadda in an cika ya yi tozo awon zai zo daidai da na ɗakin gwaji. Ta kuma yi 'yan ƙulle-ƙulle na gyara, ba don a ƙara a buhu ba, sai don a kai wa maƙwabta su gwada. Wallahi ban koya mata wannan ba, ban ma taɓa tunaninsa ba. Ya burge ni ƙwarai, amma na ɗaure fuska na ce ba laifi. Ta raba wa masu hatsi kayan, ta koma bakin aikinta, shiru ba labari.

Ƙarshen kaka na shiga kasuwar Rogo sayen dawa. Wani mai rumfa da bai san ni ba ya tare ni. "Alhaji, in wake za ka ajiye, ga garin Dakta. Ragowar ke nan, mutanen Gwangwan sun kwashe, muna ta neman mai kawowa." Ya tsaya yana koya mini yadda ake barbaɗawa, ina gyaɗa kai kamar baƙo. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Ina fitowa na kira ta a waya. Ta ce tana ɗakin gwaji, ta fara zuba littattafanta a kwali don ta fid da rai da aikin. Na kwashe labari na gaya mata. Ina jin tana jan hanci, can ta ce, "Malam, a inuwa ya ajiye garin ko a rana? Rana tana kashe ƙarfinsa."

Na ce, "A inuwa, Dakta. Ki mayar da littattafanki inda suke."