Yaɓen Ranar Asabar

Kwamfutar farko da ta shigo gidanmu a Mandawari a kan acaɓa ta zo, Yaya na rungume da ita kamar ya ɗauko mara lafiya. Shekara uku ko huɗu ke nan da komawar sojoji bariki, bangon kowane lungu ya sha fastocin 'yan takara, kowa na ganin abubuwa za su buɗe. Ta hannu ce, irin wadda ake girkewa a tebur, da ƙaton allo mai ƙeya. Ya ajiye ta a shagonsa da ke jikin zaure, ɗaki mai 'yar taga can sama da ke fuskantar tsakar gida.

Mu biyu ne wurin Umma, shi ɗan fari, ni auta, shekara tara tsakaninmu. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare. Yaya malamin lissafi ne a wata sakandare, mutum mai sanyi, wanda zai wuni yana warware zaren da ya harɗe bai yi tsaki ba. Ni kuwa ranar da aka raba haƙuri ba na nan. Tun ina ƙarama yake kirana Sarkin Faɗa, ni kuma ban taɓa ba shi kunya ba. A lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, ina da aikin kammalawa da zan buga, don haka na ɗauki kwamfutar nan tawa ce tun kafin a sauke ta.

Babu komai a cikinta. Yaya ya ce sai an zuba mata babbar manhaja, wadda komai ke hawa kanta, sannan ta zama abin amfani. Ya fito da faifai biyu daga aljihun rigarsa ya jera a kan tebur. Ya ce dukansu ba su da mai su, aikin gayya ne, mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu su rubuta, a buɗe suke, wanda ya ga ɓaraka ya gyara. Bambancinsu ɗaya. Ta farko ana zuba ta a manta, ta yi shekarunta, in ta tsufa a share a zuba sabuwa daga tushe. Ta biyu sau ɗaya ake zuba ta, ba a sake ta, amma kullum masu ita na turo gyara kaɗan-kaɗan, dole a riƙa ɗora mata a kai a kai.

"Ta farko," na ce. "Wannan ai ba abin shawara ba ne."

"Kin ko ji ƙarshen maganar?"

"Na ji. Ɗaya za ta bar ni in yi aikina, ɗaya kuma raino take so. Haba Yaya, gidan da ko layin intanet babu? A ina za ka samo gyaran?"

Ya ce akwai kafen intanet na wani abokinsa wajen Ƙofar Wambai, duk Asabar sai a kai ta. Na ce wallahi neman wahala ne kawai irin nasa. Na yi faɗa har Umma ta yi gyaran murya daga tsakar gida. Shi kuwa yana zaune yana juya faifan a ɗan yatsa, sai da na gaji don kaina ya miƙa hannu ya dafa bango.

"Wa ya gina gidan nan?"

"Kakan Baba. Sai me?"

"Kin taɓa jin an rushe shi an sake?"

Ban taɓa ji ba. Gidanmu na ƙasa ne. Duk shekara kafin damina magini yana zuwa, a kwaɓa ƙasa a lungu, a bi bango da soro da yaɓe, a shafe da makuba, a gyara bakin indararo. Yaya ya ce in aka bi diddigi, da wuya a samu tafin hannu ɗaya a fuskar bangon nan da ya rage daga na kakan Baba, amma gidan shi ne dai. Ya ce irin wannan yake so. Sai dai ya ƙara da cewa gidan ƙasa ba ya yafe sakaci, in aka bar shi damina uku huɗu, ranar da aka zo lafta masa yaɓe gaba ɗaya, da tsohon da sabon tare za su zubo.

Na ce ya zuba abin da ya ga dama, amma in aikina ya ɓata shi zai je ya yi wa malamanmu bayani. Haka aka zaɓi ta biyun. Daga ranar ba mu ƙara kiran abin da wani suna ba sai yaɓe.

Ina kewar Asabar ɗin nan har yau. Da hantsi zai kwance wayoyi, ya naɗe akwatin a tsohon bargo, ya hau acaɓa, ni in bi shi a wani ina mita. Mu ratsa ta gefen kasuwar Kurmi, ƙamshin kanumfari da na fata yana bin mu, masu rumfa suna tsokanarsa wai yau ma amaryar asibiti za ta. A kafe zai jona ta, amma ba zai taɓa komai ba sai ya karanta sanarwar da masu manhajar suka fitar a makon, layi bayan layi, sannan ya kwafe muhimman abubuwa a gefe. Ni ina tsaye a kansa ina cewa ya danna kawai mu tafi. Sau biyu yaɓen ya zo da matsala, ya zauna ya lallaɓa ta har ta tashi. Aikina bai ɓata ba. Na gama, na fara koyarwa, kuma ban san lokacin da na koyi yin yaɓen da hannuna ba.

Wata safiya na kunna ta, ta yi 'yar ƙarar da take yi, allo ya ɗan jima yana zubo rubutu, sai kawai na ji muryarsa daga lasifika: "Sarkin Faɗa, an tashi lafiya? To, bismilla." Ashe ya naɗi muryarsa ya saka ta yadda duk aka kunna sai ta gaishe ni. Na yi rantsuwa sai ya cire. Bai cire ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar ba.

Umma ba ta taɓa shiga shagon nan ba. Yaya ɗan fari ne, kuma ita ta tashi a zamanin da ake kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, in za ta ba shi abinci ni take miƙa wa ta ce, "Kai wa yaron nan." Amma na lura ta mai da wurin tsintar shinkafarta ƙarƙashin 'yar tagar. Ita komai da karatu take auna shi, dahuwar ƙwai, tsayuwar shayi, duk ta san ƙafa nawa suke ci. Wata rana ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, wai tsakanin ƙarar akwatin nan da maganarsa Ƙulhuwallahu ƙafa uku ne cif. Na yi dariya na ce ashe Umma ana sauraro. Ta ce in wuce in ba ta wuri.

Shekara uku muka yi a haka. Zazzaɓi na kwana huɗu ya ɗauke Yaya, ranar wata Laraba bayan azahar. Allah Ya jiƙansa. Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, masu zuwa gaisuwa har yaba mata suke yi. Ranar da malam ya zo rabon abin da ya bari, ta yi magana sau ɗaya daga bayan labule, ta ce a bar mata akwatin nan a nata kason. Da aka watse ta ɗauko wani zanen saƙi mai rini da take ɓoyo tun na aurenta, ta ba ni ta ce in lulluɓe shi, in kulle ɗakin in kawo mata mukulli.

"Umma, ita wannan ba a barin ta haka. Sai ana kunna ta ana..."

"Yadda ya bar ta haka za ta zauna. Kada a taɓa."

Haka muke yi da duk abin da muke so a gidanmu, mu lulluɓe mu ajiye, kamar kwanukan da ke jere a ɗakinta waɗanda ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Na san ba daidai ba ne. Ni da nake faɗa a kan gishirin miya, ranar na kasa buɗe baki. Bayan shekara aure ya kai ni Zariya. Duk Asabar da hantsi sai in ji kamar na manta wani abu a kan wuta.

Sai bayan shekara huɗu, na zo hutu gab da damina, na tarar magini yana kwaɓa ƙasa a lungu, gidan duk ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da makuba. Da la'asar aka kawo wuta. Umma ta kwance mukulli daga bakin zanenta ta ajiye kusa da ƙafata.

"Wai har yanzu akwatin nan yana magana kuwa?"

Na buɗe ɗakin, na yaye zanen, na jona wayoyi, na kunna. Ta yi ƙararta. Rubutu ya zubo. Sannan ya gaishe ni, da muryar nan tasa mai kamar yana danne dariya. Na kifa kai a tebur na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na fito, Umma na zaune ƙarƙashin taga da faranti a cinya, babu ko ƙwayar shinkafa a ciki.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma abin ya tsaya mini a rai, shekara huɗu babu yaɓe, gani nake na ci amanarsa. Ranar Asabar na naɗe ta a bargo na kai ta Ƙofar Wambai. Abokin Yaya yana nan, furfura ta fara fito masa. Da ya ga akwatin sai da ya cire hula ya mayar. Da ya ji abin da na zo yi ya ce, "Malama, shekara huɗu fa. Ki bari mu kwafe komai, mu bi sanarwar nan a hankali, ko kwana nawa za ta ɗauka." Na ce masa na san abin da nake yi, a hannun mai ita na koya. Na danna.

Ta wuni tana jan gyare-gyaren daga intanet. Da ta gama na kashe na kunna. Ta yi ƙara, ta rubuto layi biyu a baƙin allo, ta tsaya. Na sake. Na sake. Babu gaisuwa. Abin da Yaya ya faɗa mini yana dafe da bango shi ne ya faru, kuma da hannuna.

Abokin Yaya bai ce ai na gaya miki ba, Allah Ya saka masa. Ya ciro ma'ajiyar bayananta ya jona a wata kwamfutar, muka samu takardu da hotuna da muryar duk lafiya. Amma ɗaurin da Yaya ya yi wa manhajar shekara uku, wannan ya haɗa da wancan, nan ya sassauta, can ya ƙulle, babu yadda za a dawo da shi. Dole muka share muka zuba irinta daga tushe, abin da ya zaɓe ta don kada a taɓa yi. Ni na saka muryar ta riƙa fitowa in an kunna. Kwana uku ina ce wa Umma ana yi mata yaɓe ne.

Na dawo da ita, na jona, na tabbatar Umma tana wurin zamanta, na kunna. Ta yi ƙara, ya gaishe ni. Na fito ina murmushin ƙarfin hali na ce, "Kin ji, Umma, lafiyarta ƙalau."

Ta ajiye farantinta.

"Ya yi sauri," ta ce. "Ko ƙafa ɗaya ban kai ba."

Ba ta tambaye ni abin da na yi ba, ba ranar ba, ba daga baya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma ciki na saka jinkiri tsakanin ƙarar da muryar, na auna da karatuna ƙafa uku. Ta ce har yanzu da saura. Na ƙara. Ta ce ya ɗan wuce. Sauran hutun nan haka muka cinye shi, ni a ciki ina ragewa ina ƙarawa, ita a ƙarƙashin taga leɓɓanta na motsi. Ranar da zan koma Zariya ta ce, "Ya kusa. Bar shi haka." Ta ce in tafi da kwamfutar, tunda ashe ba ta son lulluɓi. Duk zuwan da zan yi bayan nan, kafin ta tambayi yara sai ta ce, "Ana dai yi mata yaɓen?"

Umma ta rasu yanzu. Akwatin ma na canza shi sau biyu, amma manhajar tun zubin Ƙofar Wambai ban sake share ta ba. Duk Asabar da hantsi ina karanta sanarwa layi bayan layi, in kwafe abin kwafewa, sannan in danna. Jinkirin yana nan inda Umma ta ce a bar shi. In na kunna ta yi ƙara, nakan fara karantawa, ƙafa uku, ina ƙoƙarin ja a hankali irin na Umma. Har yau ban iya ba. Kullum ina riga shi gamawa, sai in zauna ina jira ya yi magana.