Gaiwata da Nonon Gwaggo

Shekarar da aka maido ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi ne haukan kiwon kifi cikin gilashi ya kama ni. A salo, wato falon wani likita, na gani a Yamai, na ce ni ma sai na yi. Mai yanka gilashin taga ya haɗa mini akwati, to ina kifin? Ƙarshe wani manomi ya haƙo mini gaiwa a busasshen tafki wajen Dumega, tana dunƙule cikin laka kamar tsohon takalmi. Da na jiƙa ta sai ta miƙe, ta kai tsawon hannuna, mummuna ta ƙarshe. Wallahi na so ta. Ni da farar riga nake tsugunawa bakin rariya ina tono mata tana.

Ana nan sai ga gwaggona, yayar babana, daga Gesheme, ta zo a duba mata ido. Tana shiga salo ta yi turus, ta tuɓe takalma, ta durƙusa.

"Ɗana, yaushe ta sauka gidanga ba ka hwaɗi ba?"

Wai Doguwa ce, iskar nan da ke zuwa da siffar maciji. Abincin Doguwa kuwa nono. Kullum da safe sai Gwaggo ta tare mai tallan nono, ta kamfato ludayi guda ta juye cikin akwatin. Ruwa ya yi fari, ya fara wari. Gaiwa ta taso tana haɗiyar iska, Gwaggo ta ce godiya take yi.

In na taso lakwal, guga huɗu nake ja ina canza ruwa, ina cizon leɓe. Wa ya isa ya ɗaga wa yayar ubansa murya? Ran na biyar na tarar da gaiwata kwance a gefe, fata ta fara saɓulewa. Raina ya ɓaci. Na cusa hannu na ciro ta tana mutsu-mutsu.

"Gwaggo, don girman Allah duba! Kifi ne! Kifi, irin na miya!"

Ta matso da idonta mai kyau, ta dangwala yatsa, ta shinshina. Sannan ta ce, "Ashe." Na kwana ina yabon kaina, na ceci dabbata da ilimi.

Washegari da azahar tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Akwatin an wanke shi tas, babu kowa ciki. Gwaggo ta turo mini kwanon tuwo tana murmushi.

"Na ɓata maka ruwa kwana biyar, ɗana, ka yahe mini. Ga tsakiyar nan na aje maka."

Na ci ina hawaye, ta ce yajin tonka ne ya yi yawa. Abin da ke ƙona mini rai har yau, sai da na nemi ƙari.