Keken Yaya daga tsibiri

Keken ya iso mini unguwarmu Madain Fahd da ke Jidda a bayan motar kifi, an ɗaure shi da igiya, yana ƙarni. Ƙafarsa ta hagu ta cire gaba ɗaya, an sako ta daban a cikin buhu.

Keken guragu ne na yayana. Tun yana saurayi ya bar Jidda ya tafi wani tsibiri can kudu yana aiki a jirgin masunta, ya yi aure a can. Wata rana ya zame daga saman jirgi, bayansa ya bugi ƙarfe, tun daga nan ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Da keken nan yake zuwa masallaci, da shi yake fita bakin ruwa ya zauna da abokansa. Iskar gishiri ta cinye ƙarfen da ke riƙe da ƙafar keken har ya karye, kuma duk tsibirin babu mai gyara. Matarsa ta saka keken a jirgin fito, ta roƙi direban motar kifin ya kawo mini.

Ni shara nake yi a wata makarantar 'yan mata. Ina tashi daga aiki na nufi wata ƙungiyar agaji da aka kwatanta mini. Matar da ke kan tebur ta saurare ni da kyau, sannan ta ce, "Ya ukhti, mu sabo muke bayarwa, ba mu da kason gyara. Kawo iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, mu saka shi a layi."

Na ce mata iƙamar ta mutu tun da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya sallame shi.

Ta rufe fayil ɗin a hankali. "To halas, ba ni da yadda zan yi. Allah Ya ba shi lafiya."

Ƙungiya uku na je, magana ɗaya. Kullum matar Yaya tana kira. Ta ce ita kaɗai ba ta iya juya shi yadda ya kamata, fatar ƙugunsa ta fara ja. Bayan kwana biyu ta ce ta fashe. In na ce a ba shi waya, sai ya ce, "Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki, ina nan lafiya." Ina jin yadda yake cije baki.

Ranar Asabar na ɗauki keken a tasi zuwa Madinar Masana'antu, ina bin warsha-warsha, wato shagunan masu gyara, a cikin rana. Wasu ko ɗaga kai ba su yi ba. A ƙarshe na faɗa wa wani dattijo mai walda, Bahaushen Sudan. Ya juya keken, ya ƙwanƙwasa ƙarfen.

"Hajiya, walda ba wuya. Boris ɗin ne ya mutu, irinsa kuma ba a samu nan. Mai shi yana ina?"

Na ce yana kwance a tsibiri, sati biyu ke nan. Sai kuka ya ƙwace mini a gaban ma'aikatansa. Ya jawo mini kujera.

Kwana tara ya yi yana nema, daga baya ya ciro na wani tsohon amalanken sito ya goge shi har ya shiga. Ya ƙi karɓar komai a hannuna. "Yalla, ki aika masa yau."

Keken ya isa ranar Laraba. Na kira nan take, na ce a ɗora shi in ji. Matarsa ta ce ma'aikacin jinya ya zo ya duba, gyambon ya yi zurfi har kusa da ƙashi. Ya hana shi zama ko na minti ɗaya. Rub-da-ciki zai yi ta kwanciya, wata uku ko fiye, in bai yi zazzaɓi ba. In ya yi, sai an tsallaka da shi asibiti, kuma a can za a tambayi takarda.

Na ce a ba shi wayar. Muryarsa a cikin matashi take fitowa. Ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci.